Kujerar Manjo

"…da kwanan gajiya? Ya kwankwaso? Ya gwiwa? Ya haƙoran nan uku da suka ƙi bin 'yan'uwansu?"

"Lafiya lau, amarya. Huɗu ne, ki gyara ƙidayarki. Ke ya gajarta? Na ga har yau ba ta sake ki ba."

"A gidanka na same ta, ango."

Saje Ezekiel bai ɗago kai daga cikin bonet ba. Ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge ta da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga ta yana dubawa a hasken safiya. Shekara talatin da biyar ya yi yana tuƙa motar soja kafin ya dawo gida Rikoto, kuma abin da bariki ta koya masa bai bar shi ba: mota sai da faretin safe. A duba ruwa, a duba mai, a duba iskar taya da fitilu, sannan a tayar da inji minti goma. Haka yake yi wa baƙar jif ɗin da ke ƙarƙashin rumfar kwano, doguwa mai layin kujeru uku, wadda in ya tsaya kusa da ita ba ya ganin rufinta. Ɗansa Manjo Abel ne ya sayo ta, ta hannu ce daga waje, ya kawo ta gida da Kirsimeti. Bayan mako uku ya koma bakin aiki a gabas, can ya rasu. Shekara biyu da wata takwas ke nan, injinta bai yi fashin tashi ba ko kwana ɗaya, tayarta kuma ba ta juya ba ko sau ɗaya.

Wadda ke tsaye a bayansa da jaka a kafaɗa Keziah ce, babbar 'yar Abel, wadda ta karanci aikin injiniya take kuma aiki a wani gareji a Kaduna. Jikarsa ce, don haka matarsa ce ta wasa, tun tana rarrafe suke zagin juna. Amma ya san yau ba zagi kaɗai ya kawo ta ba. Shekaranjiya saƙo ya zo daga Kanya cewa yayarsa Theresa ta kwanta, ta daina cin abinci, sunansa kawai take kira.

"Rufe bonet ka je ka sa rigar coci," in ji Keziah. "Kanya za mu, mu dawo kafin la'asar."

"Da mi?"

"Da wannan giwar da kake yi wa wanka kullum."

"Wagga ba ta fita."

"Ciwo take yi?"

"Lafiyarta ta fi taki. Ni motar haya zan shiga."

"Motar haya! Irin wadda ka shiga bara, mutum huɗu suka sauko da kai a tasha kamar buhun dawa? Likita ya ce in ka sake, kwankwason nan sai dai a tattara shi a kwando."

"To babur."

"Iska ta ɗauke mini miji a hanya, in zama bazawara tun ban tare ba?"

"Takardunta ma sun mutu."

Ta zaro ambulan daga jaka ta ajiye a kan bonet ɗin da ya rufe. "Jiya na sabunta su."

"Man da ke ciki ba ya kai mu."

"Jarka biyu na bakin ƙofa."

"Tayoyi sun daɗe a tsaye."

"Na duba su tun kana wanka. Akwai wani tsoho mai taurin kai da ke ba su iska duk Asabar, Allah ya saka masa."

Saje ya ninke tsumman huɗu, ya sa a aljihu. Ya ga ta toshe ƙofofin da ya tanada, sai ya koma kan motar kanta.

"Ke da kika yi digiri a kan ƙarfe, wagga har jif ce? Jif mu muka san ta. Ba ƙofa, ba gilashin gefe, rufin tamfol, kujera ƙarfe ne da ɗan bargo. In ta maƙale a laka, mutum shida su ɗaga ta su ajiye gaba. In ta tsaya, sifana ɗaya da guntun waya, ta tashi."

"Shi ya sa duk wanda ya tuƙa ta yake tafiya a duƙe kamar ya yar da allura."

"Don yaƙi aka yi ta. Da yaƙi ya ƙare, manoma suka ɗauka, da malaman dabbobi, da 'yan mishan masu shiga ƙauye da magani. Motar mai aiki ce. Sai wasu suka zauna can ƙasar Turawa suka ce a shimfiɗa mata kafet. Yau kafet, gobe na'urar sanyi, jibi kujerar fata. Aka ja ta ta yi tsawo, aka buɗa ta ta yi faɗi. Yanzu har firiji tsakanin kujeru! Har kujera mai ɗumama mazaunai, a ƙasar da rana ke dafa ƙwai a kan dutse! Soja ne ya yi ritaya ya shiga siyasa, ya yi tumbi, ya sa babbar riga."

"Shi dai ya samu tumbin. Kai ritayar ka yi, ka bushe kamar kilishi."

"Kilishi tsaraba ne, ba kowa ke samu ba."

"Durƙusa ka leƙa ƙarƙashinta, in gwiwa za ta yarda. Shasin babbar mota ne, dogayen ƙarafa biyu kamar tsani, aka ɗora ɗaki a kai. Inji silinda takwas. Ƙafa huɗu duk ja suke yi. Abin da taka ta iya, wannan ta iya, ba tare da ta karya wa mutum ƙugu ba. Sojan yana nan cikin babbar rigar, Kaka, bai mutu ba."

Da ta ji abin da bakinta ya faɗa, sai ta juya tana gyara madaurin jakarta. Saje ya dubi taya ta gaba. Kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce.

"Kin san abin da ya sa suke sayenta?" Ya ɗaga murya fiye da yadda ya yi niyya. "Tsawo. Gajeren mutum ya hau, ya kalli mai babur daga sama. A shingen hanya a sara masa tun ba a ga fuskarsa ba. A wajen biki mai lasifika ya fara kirari tun gilashi bai sauka ba, ko da direba ne ya zo ɗaukar kular abinci. Rabinsu ba su taɓa sauka daga kwalta ba. Giyar laka tana nan sabuwa fil har su sayar."

"A kan rabi ka yi gaskiya. Sauran rabin suna da uba mai ruɓaɓɓen kwankwaso, da gwaggo a garin da ruwa ke cinye hanyarsa duk damina. Babana ba don kirari ya saye ta ba. A gabana ya ce, 'Wannan ko rami ta faɗa, Baba ba zai ji ba.' Ya saya don ta kai ka Kanya, kai kuma ka mai da ita kabewa a rumfa."

"Kabewa ba ta da silinda takwas."

"Amma ita ana ci."

"Wace irin mata ce wagga? Miji na magana tana yi."

"Miji? Wane golmo ka yi mini? A zamaninku saurayi shekara bakwai yake noma gonar surukai kafin a ba shi mata. Kai ko ciyawa ɗaya ba ka cire a gonar ubana ba."

"Gonar ubanki tawa ce! Shekara goma sha biyar ina noma ta!"

"Ka ji ɓarawon aure! Ya noma gonarsa ya ce ya yi golmo. To golmonka yau ne, tsoho, kuma na rage maka shekara bakwai sun koma kwana ɗaya. Ka zauna a baya ka yi shiru har Kanya."

Ba ta jira amsa ba. Ta zagaya ta buɗe ƙofar direba, ta taka matakala ta hau.

Saje ya bi ta da kallo har kan kujera. Abel dogo ne, tsawon uwarsa ya ɗauko. Kujerar direba tana nan yadda ya bar ta ranar da ya kashe injin ya miƙa wa ubansa makulli: can baya, a kishingiɗe kaɗan, daidai tsawon ƙafarsa. Kullum da safe Saje a bakin kujerar yake zama, ya miƙe yatsan ƙafa da ƙyar ya taɓa birki, sannan ya tayar. Bai taɓa kai hannu ga maɓallan da ke gefenta ba. A saninsa na direba, kujera in an ja ta, ta bar wurinta ke nan, ba wanda zai sake cewa ga daidai inda take. Kayan Abel an raba su, ɗakinsa an yi masa fenti, takalmansa suna ƙafar wani. Tsawonsa kuwa a nan kaɗai ya rage, tsakanin birki da kujera. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Keziah ta zauna, ƙafafunta suna lilo, ta kai hannun hagu gefen kujera.

"Tsaya nan!"

Muryar fareti ce, wadda ba a ji ta a gidan ba tun ranar jana'iza. Hannun Keziah ya tsaya a iska.

"Kada ki taɓa ta," ya ce, a hankali yanzu. "Yadda ya bar ta ke nan. In kika ja ta, ban san inda zan mayar ba."

Ta dube shi, ta dubi birkin da ke can nesa da ƙafarta, ta dubi bakin kujera inda fatar ta ɗan lotsa don zaman mutum ɗaya kullum a wuri ɗaya. Ta ɗauke hannunta ta ajiye a cinya.

"Ashe abin ke nan, Kaka."

"Shi ke nan."

"Ba takarda ba, ba mai ba, ba taya ba."

"Na ce shi ke nan."

Ta ja numfashi. Ya zaci kuka za ta yi, har ya fara neman inda zai sa idonsa. Sai ya ji ta yi tsaki.

"Shekara talatin da biyar kana tuƙi, ashe mota ta fi ka ƙwaƙwalwa. Zo nan. Waɗannan maɓallan na jikin ƙofa, mai ɗaya da mai biyu, na mene ne?"

"Na rediyo."

"Rediyo a ƙofa?"

"To na gilashi."

"Allah ya jiƙan sojan da ka tuƙa! Cikin kayan banzan nan da kake zagi, bayan kafet da firiji, sai suka koya wa kujera tunawa. Mutum ya gyara ta yadda yake so, ya danna, ta riƙe. Ko wa ya zauna bayansa, ko ina ya ja ta, in aka danna lambar mai ita, sai ta koma. Na ɗaya na Babana ne. Ina zaune a nan gefe ya sa shi."

"Ƙarfe ba ya tunawa."

"Wannan yana yi."

"In bai koma ba fa?"

"Zai koma."

"Na ce in bai koma ba?"

"To ka sake ni, saki uku, ka koma gonarka."

Bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon maɓallan nan biyu, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Can a Kanya Yaya Theresa tana kwance, ita da ta goya shi, ita da ta yi tafiyar nan a bayan babur da shekara tamanin don ta riƙe masa hannu ranar da aka kawo gawar Abel. Rana tana ɗagawa. Amma shi direban soja ne, ba ya karɓar magana ba tare da awo ba.

"Sauko," ya ce.

Ta sauko. Ya zauna a matakalar motar, ya kwance igiyar tsohon takalminsa na bariki, ya zare ta gaba ɗaya. Ya ɗora bakinta a kan birki, ya ja ta zuwa bakin kujera, ya ƙulla. Ya sake ɗorawa daga tsakiyar sitiyari zuwa majinginar baya, ya yi ƙulli na biyu. Ya maimaita awon sau biyu.

"Da tela aka yi ka, da ka yi suna," in ji Keziah.

"Da likkafaninki zan fara. Yadi ɗaya ya ishe ki."

"Mu raba, rabi naka."

Ya danna maɓallin tayarwa yadda ya saba, da yatsan ƙafa a miƙe, injin ya amsa da gurnani mai laushi. Ya sauko ya ba ta wuri, igiyar a dunƙule a hannunsa.

"Ja."

Ta danna gefen kujera. Kujerar ta taho gaba tana ɗan kuka, ta taho, ta taho, har ta kusa sumbatar sitiyari. Saje ya riƙe ƙofa.

"Danna da kanka," in ji ta. "Na ɗaya. Ka riƙe shi."

Ya sa babban yatsa ya danna. Kujerar ta yi baya a hankali, ta sauka kaɗan, majinginar ta kishingiɗa. Sitiyari ya ɗaga. Madubin gefe ma ya juya ya ɗaga kai, yana kallon inda idon dogon mutum zai kasance. Sai komai ya tsaya.

Ya ɗora igiyar daga birki zuwa kujera. Ƙulli na farko ya faɗa daidai bakin fata. Ya auna daga sitiyari. Ƙulli na biyu ya taɓa majingina. Ya sake aunawa. Keziah tana kallon bishiyar mangwaro, ta ba shi baya har ya gama goge fuskarsa da tsumman mai.

"Ka sa baƙi a kumatu," ta ce da ta juyo. "Ya fi kyau ma. Saura na biyu."

"Na wa?"

"Danna ka gani."

Ya danna. Kujerar ta yi gaba sosai, ta ɗaga sama, madubi ya sunkuyar da kai.

"Hau."

Ya hau, ya zauna har ciki, bayansa ya jingina, abin da bai taɓa yi ba a motar nan sai rana ɗaya. Ƙafarsa ta sauka kan birki ba tare da ya miƙe ta ba. Sai ya tuna ranar. Abel ya ɗora shi don a ɗauki hoto, ya tsuguna a bakin ƙofa yana taɓe-taɓe, yana dariya, yana cewa, "Baba, ƙafa ta kai? Yanzu fa? Yanzu fa?" Shi hoto kawai ya sani.

"Shekara biyu da wata takwas kana miƙa ƙafa kamar zakara mai leƙen rumbu," in ji Keziah, "ga wurinka a ajiye, yana jiran ka."

"Bai gaya mini ba."

"Ya ce sai ya dawo ya koya maka duka. Ya ce in ya gaya maka a rana ɗaya, za ka ce a mayar da motar a sayo jaki."

Dariya ta ƙwace wa Saje ta hanci. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya dubi ƙofar gida ta gilashi.

"Ke kuma wace lamba za ki hau? Ba ta uku."

"Ta biyu mana, taka. Tsawonmu ɗaya. Na gaya maka a gidanka na samo gajartar."

"Buɗe ƙofa."

"Ba kai za ka tuƙa ba, idonka…"

"Direban soja ba ya miƙa motar da bai gwada ba. Daga rumfa zuwa bakin titi, ni ne. Golmona ke nan, kada ki ƙara mini ko taku ɗaya."

Ta ruga ta buɗe ƙyauren, ta janye jarkokin gefe. Ya sa giya, ya saki birki. Tayoyin suka yi ɗan ƙara a kan siminti, suka bar tabo huɗu masu duhu a inda suka daɗe, giwar ta fito rana. Ya tsayar da ita daidai bakin kwata, a miƙe kamar an ja layi. Suka zuba mai, ya shiga gida ya fito da rigar coci da hula, takalmi ɗaya ba igiya.

Ya zaro makullin daga aljihu, ya zura igiyar mai ƙulli biyu a zobensa, ya ɗaure.

"Ga shi, amarya. Da sharaɗi. In mun dawo, kafin a kashe inji, a danna na ɗaya."

"A danna na ɗaya, Saje."

Ta karɓa da hannu biyu. Sannan ta taɓa wani abu a ciki, motar ta sauke numfashi ta durƙusa kamar raƙumi, har matakala ta zo daidai ƙafarsa. Ta zaunar da shi a baya ta hannun dama, ta ɗaura masa bel, ta danna wani maɓalli a gefensa kafin ta rufe ƙofa.

Sun bar kwalta ke nan, dawa ta rufe hanya hagu da dama, motar ta faɗa ramin farko ta fito ko hularsa ba ta motsa ba, sai Saje ya yi tsalle.

"Tsaya! Amarya, tsaya! Wuta a kujera!"

"Ba wuta ba ce, ɗumin nan ne da ka ce na 'yan siyasa ne. Don kwankwaso na kunna. In kashe?"

Ya gyara zama, ya ƙara jingina. Ta hango shi a madubi yana cije leɓe, haƙoran nan huɗu suna neman fitowa, har dariyar ta fi ƙarfinsa.

"Bar shi," ya ce. "Ki dubi hanya. Taka mu je, Yaya na jira."